Ramin da Injiniya Ya Cire wa Tsani

Akwai wani bakanike a garejin wani kamfanin motocin bas, kowa na kiransa Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa. Da yake kuwa bakinsa ya fi na kowa kaifi, ba wanda ya tsaya tambayar takarda.

Amma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aiki. An ce idan bas ta shigo ƙofar gareji, kafin direba ya kashe ta Injiniya ya gaya masa abin da ke damunta yau, da wanda zai dame ta wata mai zuwa. Wasu ma sun ce akwai motar da ta jiyo muryarsa daga nesa ta daina hayaƙi don kunya. Wannan ban gani da idona ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai in ta kama.

Shi ne shugaban kanikawan wurin, su bakwai.

A tsakiyar garejin akwai rami mai tsawo, zurfinsa ya kai kafaɗar mutum. A kansa ake ajiye mota, bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya yi aiki a tsaye. A ƙarshen ramin kuma akwai wani tsohon tsanin katako mai hawa biyar.

Injiniya bai taɓa taka tsanin nan ba. Durowa yake yi, dim. In zai fito ya dafa bakin ramin da hannu biyu, ya yi sama kamar an harba shi. Sauran kanikawa ma haka suka koma yi, don duk wanda ya kusanci tsani sai ya sha ba'a har a tashi aiki.

Mutum ɗaya ne bai daina ba, wani dattijo da ake kira Kawu. Ya girmi kowa a wurin, kuma gwiwoyinsa sun daɗe suna kumbura. Da baya-baya yake sauka, ƙafa ɗaya, ya huta, sannan ɗayar. In ya isa ƙasa kuwa, aikinsa ba a maimaita shi.

Wata rana Injiniya ya yi tuntuɓe da kan tsanin a gaban direbobi, aka yi masa dariya. Shi ke nan. Ya ciro tsanin ya ɗaga sama.

Ya ce, "Wai nan rami ne ko gidan bene? Kafin Kawu ya sauka, fasinja ya isa gida da ƙafa."

Ya wurga shi cikin tarkacen da ake kwashewa duk mako. Bai tsaya nan ba, ya je ofishin Manaja ya kawo shawara, Manaja kuma ya mai da ita doka: duk bakaniken da ba zai iya shiga rami ya fito da kansa ba, a sauya masa aiki.

Haka aka mai da Kawu sito, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, yana miƙo sifana da guduma ga masu aiki. Ranar da ya kwashe kayansa, abu ɗaya ya ce.

"Allah ya bar ka da gwiwarka, Injiniya."

Injiniya ya daki gwiwarsa da tafin hannu. "Amin, Kawu. Ai wannan ƙarfe ce."

Shekara huɗu suka wuce.

Wata safiya Injiniya ya farka zai sauko daga gado, ƙarfen ya ƙi lanƙwasuwa. Gwiwar dama ta kumbura, ta yi zafi kamar injin da ya yi doguwar tafiya. Ya ce gajiya ce. Bayan mako biyu ta hagu ta bi sahu. Bayan wata guda yatsun hannunsa suka fara sandarewa da safe, har maɓallin riga sai ya yi ta kokawa da shi.

Abin mamakin ciwon, da safe yake cin kasuwarsa. In rana ta yi tsaka sai gaɓoɓin su saki, mutum ya ji kamar ƙarya yake yi wa kansa.

Matarsa ta ce a je asibiti. Ya ce likita ai bakanike ne da ke gudun datti, me zai gaya masa? Ya kawo giris daga gareji ya shafe gwiwar. Da bai ga sauƙi ba ya ƙara da man birki, ya yanko robar tsohon tib ɗin taya ya ɗaure tamau.

Matar ta ɗaga zanin gado ta duba, ta dube shi.

"Baban yara, wannan na uku ke nan ka mayar mini tsumman gareji."

Ya ce, "Ke ba ki sani ba. Gaɓa gaɓa ce, ta mota ko ta mutum. In ta bushe, mai take so."

"To in ta ƙi fa? Sai mu je kasuwar kayan gyara a sayo maka sabuwa? Ka faɗa mini lambarta tun da wuri."

Bai yi dariya ba, don ba ciwon kaɗai ke cinsa ba. Dokar nan tana nan daram, kuma kowa ya san bakin da ta fito. Ranar da Manaja ya gane Injiniya ba ya iya fita daga rami, ranar shugabanci ya ƙare, aikin ramin ma ya ƙare. Mutumin da ya shekara ashirin da biyar a ƙarƙashin mota bai san wani wuri da zai tsaya a duniya a kira shi gwani ba.

Sai ya shiga ɓoyo. Ya sa aka ɗinka masa wanduna masu faɗi. Ya riƙa zuwa aiki awa guda kafin kowa, don kada a ga yadda yake takawa daga ƙofa zuwa ciki. Kafin mutane su iso ya samu wuri mai tudu ya zauna, ya harɗe hannuwa, yana ba da umarni kamar wanda aiki ya yi wa kaɗan.

Ana nan, sai ya lura da wani abu. Duk motar da ta zo da safe tana bukatar rami, kafin ya buɗe baki wani bakanike da ake kira Dogo ya riga ya dira ciki. In kuma ya aika sito a kawo masa babbar sifana da safe, sai Kawu ya ce tana hannun wani. Amma da rana ta yi, ga sifana, ga mota, ba mai tare masa hanya.

Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Injiniya kuwa ya koma gida yana huci.

"Na gano su. Dogo kujerata yake so, tsohon nan kuma ramuwa yake nema. So suke Manaja ya ga ba na shiga rami."

Matar ta ce, "To kana iya shiga ɗin?"

"Gobe za ki ji labari."

Ta kuwa ji.

Washegari da ƙarfe bakwai aka kawo wata bas birkinta na wasa. Aka ɗora ta kan rami. Dogo ya naɗe hannun riga, Injiniya ya daka masa tsawa.

"Koma. Yau ni ne."

Dogo ya ce, "Shugaba, ai ɗan aiki ne, bai kai a tashe ka ba."

"Ni na koya maka bambancin ɗan aiki da babba. Matsa."

Ya tsaya a bakin ramin, ya ga duk idanu a kansa, ya duro kamar yadda ya saba.

Abin da ya ji a gwiwoyinsa lokacin da ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, shi da Allahnsa suka sani. Ya ciji leɓe, ya jingina da bango har duhun da ya rufe idonsa ya washe. Sannan ya kama aiki. Cikin minti arba'in birki ya gyaru, don ciwon bai taɓa kansa ba.

Ya ja ƙafa zuwa ƙarshen ramin. Ya dafa baki da hannu biyu, yatsu suka ƙi riƙewa. Ya ce wa gwiwa ta tura, ta ce ba da ita ba. Ya sake gwadawa, ya sulale ya dawo. A karo na uku sai da hawaye ya fito masa.

Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wannan ramin kuwa har kafaɗa.

Kira ɗaya zai yi, mutum shida su zo su ciro shi kamar buhu. Amma kiran nan shi ne takardar sallamarsa. Sai ya koma ƙarƙashin motar, ya kama wani noti da ba ruwansa da birki, ya kwance shi, ya ɗaure, ya sake kwancewa. Lokaci-lokaci ya ƙwanƙwasa sifana a jikin ƙarfe don a ji ana aiki.

Ƙarfe tara Dogo ya leƙo. "Shugaba, a ja motar?"

"Wa ya ce maka na gama? Motar nan ciwonta ya fi yadda kuke gani."

Ƙarfe goma direban ya durƙuso. "Injiniya, fasinja fa na jira."

"Su jira da ransu ya fi su isa babu shi."

Ƙarfe goma sha ɗaya ya hango takalman Manaja sun zo sun tsaya a gefen motar. Ya dage da ƙwanƙwasa har takalman suka gaji suka tafi. Notin nan dai, an ce tun da aka ƙera shi bai taɓa samun kulawa irin ta ranar ba.

Tsayuwa da sanyin siminti suka ƙara hura gwiwoyin. Wandon mai faɗi ya cika, ya matse. Sauƙin da yake samu da rana, yau bai zo ba.

Da lokacin hutu ya yi, kanikawa suka wanke hannu suka fita cin abinci. Garejin ya yi tsit. Sai ya ji takun ƙafa a hankali, ana ja ana hutawa. Kawu ne. Ya zo ƙarshen ramin ya leƙa.

"Injiniya, ajiye sifanar nan. Kowa ya tafi."

"Aiki nake yi, Kawu."

"Na sani. Tun ƙarfe takwas nake jin waƙar. Shekara talatin ina gyaran birki, ban taɓa jin wanda ake gyarawa da kiɗa ba."

Injiniya ya ajiye sifanar.

Kawu ba shi da ƙarfin jawo ƙato daga rami. Sai ya tafi bayan sito inda ake tara tsofaffin tayoyin ƙananan motoci. Ya gangaro da ɗaya, yana tura ta da gefen hannu don yatsunsa ba sa kamawa, ya sake ta cikin ramin. Ya koma ya kawo wata. Sau shida yana zuwa yana dawowa, kowace tafiya sai ya tsaya ya dafa bango.

Ya ce, "Jera su. Uku a jikin bango, biyu a gabansu, ɗaya a gaba. Kada ka ce za ka taka. Zauna a kan ta farko, ka ja jiki da baya zuwa ta biyu. Ba mai kallonka sai ni, ni kuwa na riga ka iya wannan hawan."

Haka shugaban kanikawa ya fito daga rami da mazaunai, yana nishi. Kawu ya ba shi kafaɗa, gurgu ya ja gurgu har cikin sito. Ya zaunar da shi a kujera mai tsawo, ya ɗora masa ƙafa a kan akwatin kayan aiki, ya ɗauko gorar ruwa mai ƙanƙara ya naɗe a tawul ya aza a gwiwar.

"In ta yi zafi ta kumbura, sanyi take so. In ta sandare da safe, ruwan ɗumi. Cire robar nan kafin ta kashe maka ƙafa."

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Wa ya gaya maka?"

"Wandonka. Wata uku yana warin man birki. Ga shi ka daina zama a ɗan gajeren bencin nan, kuma murfin gorar shayinka Dogo kake ba wa ya buɗe, wai kana gwada ƙarfinsa. Ni na ce masa ya riƙa riga ka shiga rami da safe. Ni nake ɓoye babbar sifana har rana ta yi. Na san lokacin da ciwon nan yake sakin mutum."

"Ni kuwa na ɗauka ramuwa ce."

"Da ramuwa nake so, ai da yau na zauna na sha shayina."

Sai ya miƙo hannuwansa biyu a gaban Injiniya. Yatsun sun karkace gefe guda, gaɓoɓin sun yi ƙulu-ƙulu. Shekara huɗu hannuwan nan suna miƙo masa kaya ta taga, bai taɓa kallonsu ba sai ranar.

"Ni ma da giris na fara. Shekara shida ina ɓoyo. Ranar da na je asibiti, likita ya ce da na zo da wuri da an tare shi. Abin da ciwon ya riga ya ci, ba ya amayarwa. Kai naka yanzu ya fara. Ka je gobe, ba jibi ba."

Injiniya ya je. Matarsa ta raka shi, kuma a hanya ba ta ce "ai na faɗa maka" ba sai sau huɗu kacal.

Likitar ta duba gwiwar, ta shinshina, ta tambaye shi ko mota ce ta taka shi. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka zuƙe ruwan da ya taru a gwiwar da sirinji. Da sakamako ya fito ta zaunar da shi.

Ta ce, "Malam, wannan ba bushewa ba ce, kuma ba gajiya ba ce. Amosanin gaɓɓai ne mai kumburi. Garkuwar jikinka ce ta rikice take kai wa gaɓoɓinka hari. Ba a warkewa a ce an rabu, amma ana danne shi mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Maganin yana ɗaukar makonni kafin ya kama. Ranar da ka ji sauƙi, kada ka ce ka warke ka ajiye shi. Ka riƙa motsa gaɓoɓin a hankali kullum. In ya tashi ka huta. Tsalle kuma, ka bar wa kwaɗi."

Ya yi mako biyu a gida. A cikin kwanakin ya yi ta juya magana ɗaya. Yana iya komawa ya ci gaba da ɓoyo, tunda ga Kawu ga Dogo suna rufa masa asiri. Amma yanzu ya san wanda ke ɗaukar nauyin rufin, da irin hannun da yake ɗauka da shi.

Ranar da ya koma, bai zo da wuri ba. Ya shigo lokacin da kowa ke nan, yana takawa yadda ƙafar ta ga dama, ya wuce kai tsaye ofishin Manaja. Ya ajiye takardar asibiti a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ba na iya fita daga rami da kaina."

Manaja ya karanta takardar, ya cire tabarau. "Wata uku ina kallonka ta tagar nan da sassafe, kana tafiya kamar mai auna fili. Jira nake in ga ranar da za ka shigo. To, doka dai taka ce. Yau da ta zo kanka kake so a soke ta?"

"Ban zo roƙon kujera ba. In dokar za ta ci ni, ta ci, a ajiye mini benci kusa da Kawu. Amma a yi wa ramin nan matakala. Dokar ba daidai ba ce tun ranar da na kawo ta, ba yau ta lalace ba."

Manaja ya ce, "Ka faɗi haka a gabansu, yadda ka yi wa Kawu ba'a a gabansu."

Ya fito tsakiyar gareji ya faɗa. An ce maganar ba ta kai minti biyu ba, amma gumin da ya yi ya fi na ranar rami.

Aka soke dokar. Aka kira magini ya yi matakala ta siminti mai hawa shida, da ƙarfen dafawa a gefe. Injiniya ya ci gaba da shugabanci. Da safe yana zaune a kujera mai tsawo yana sauraron injuna, da rana in gwiwa ta yarda ya sauka. Ranar da ciwon ya tashi kuwa, da bakinsa yake cewa, "Dogo, yau kai ne."

Ranar da siminti ya bushe, ya je tagar sito.

"Kawu, an gama. Na yi magana da Manaja. Ka dawo rami, kai za ka fara taka ta."

Kawu ya yi murmushi. Ya ɗauko babbar sifana ya ɗora a tafin hannunsa, ya yi ƙoƙarin dunƙule yatsu a kanta. Suka tafi rabi suka tsaya. Sifanar ta zame ta faɗi a kan katakon taga.

"Lokacin da ka jefar da tsanin nan, saura mini kamar shekara biyu a hannuwan nan. Na so in ƙarasa su a ƙarƙashin mota. A nan suka ƙare, ina miƙa wa mutane kaya."

Da ƙyar Injiniya ya ce, "Ka yafe mini, Kawu."

"Na yafe tun kafin ka san kana bukata. Amma yafiya ba ta miƙe yatsa. Kai dai ka sha maganinka."

Ya tura masa sifanar da gefen hannu.

"Karɓi, motar mutane na jira. Ka riƙe ƙarfen dafawa, kuma da baya-baya ake sauka."

Injiniya ya karɓa. Ya je bakin ramin, ya juya baya, ya dafa ƙarfen. Ƙafa ɗaya, ya huta, sannan ɗayar. Kanikawa duka suna tsaye suna kallo, ba wanda ya yi dariya.

Darasi: Kada ka cire wa mai rauni abin da yake dafawa don kai yau kana iya tsalle, domin ana iya yafe maka, amma kwanakin da ka ƙwace masa ba sa dawowa. Kuma gwiwar da ke kumbura, tana zafi, tana sandarewa da safe, ba ɓoyo take so ba, likita take so tun da wuri. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ɗingishi a ɓoye, ku tura wa mai yi masa dariya ma.